Ranar da Firintata Ta Ƙi Ɗaukar Ƙofar Kaura

Kome zan manta a duniyar nan, ban da safiyar Asabar ɗin da likitocin ido suka zo unguwarmu. Shekaru sun ja, na canza shago, na canza na'urori, amma har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in kama dariya ni kaɗai, har mai ɗakina ta leƙo ta tambaye ni ko lafiya.

A lokacin ina da ɗan shago a wajen Ƙofar Kaura inda nake buga wa mutane takardu. Kwamfuta ɗaya ce, da injin fotokwafi, da wata tsohuwar firinta 'yar gwanjo wadda ba ta taɓa ba ni kunya ba. Katin biki, takardar neman aiki, jarrabawar 'yan Islamiyya, duk tana fitar da su ba gardama. Ni kuwa ina ji da kaina, don a unguwar in aka ambaci kwamfuta to ni ake nufi.

Kakata, wadda ta haifi mahaifina, ita ta riƙe ni. Yanar ido ta rufe mata idanu duka biyu, har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Bakinta dai babu abin da ya same shi. Maigida take ce mini, irin wasan kaka da jika, kullum tana ƙorafin wai ta haɗu da mijin da ba ya kawo cefane sai takardu. Mun sha zuwa asibiti, an ce sai an yi aiki, a ba mu rana, ranar ta zo a ɗaga. Saboda haka da labari ya zo cewa wasu likitoci za su zo su duba masu yanar ido kyauta, su ɗebi waɗanda za a yi wa aiki, babu gidan da ya kai namu murna. A makarantar firamare za a sauke su, yini ɗaya ma ba za su cika ba, da azahar za su wuce wani gari.

Wata nas 'yar Kudancin Kaduna da ke zaune a layinmu ita ta haɗa unguwar da likitocin. Abu ɗaya ta roƙa. Kowane marar lafiya ya zo da fom mai ɗauke da sunansa, da shekarunsa, da ko yana da ciwon suga ko hawan jini, a bar wa likita wurin rubutu. Wanda ba shi da fom ba za a duba shi ba, domin takardar ce za ta bi shi har ɗakin aiki. Aikin da zan gama kafin shayi ya huce ke nan, da a ce ni da ita kaɗai ne.

To amma unguwa tana da ƙungiya, ƙungiya kuma tana da manya.

Alhaji shugaban ƙungiya ne ya fara zuwa. Babban ɗan kasuwar hatsi ne, shi ya ɗauki nauyin abincin baƙin, shi ya ba da mota. Ya zauna ya gyara babbar riga ya ce, “Yaro, mutanen ga daga nesa za su taho. In sun koma da takardun ga, ya kamata duk wanda ya gani shi san Katsina aka zo.” Ya fito da sabuwar wayarsa ya nuna mini hoton Ƙofar Kaura da ya ɗauka da kansa. So yake a shimfiɗa shi a bayan rubutun, ya cika shafin daga sama har ƙasa. Sannan a jera sunayen iyayen ƙungiya, kowa da cikakken laƙabinsa.

Bayansa sai sakatare, wani dattijo da ya ƙare ƙuruciyarsa a aikin gwamnati. Shi a wurinsa fom ɗin da ba shi da akwatuna wasiƙa ce kawai. Ya sa na yi wa kowane harafi na sunan mutum ɗan akwatinsa. Ya ƙara gunduma, da sunan mai unguwa, da sunan wanda ya rako marar lafiya, da dangantakarsu, akwati cikin akwati. A can ƙasa ya sa aka zana wani ƙaton fili aka rubuta “Don amfanin ofis kawai”. Ƙungiyarmu ba ta da ofis, a zauren Alhaji ake taro.

Malam liman ya zo daga ƙarshe, ya duba ya ce aiki ya yi kyau, sai dai ba a fara abin alheri babu sunan Allah. Na nemo wani rubutun Larabci mai ƙawa na ɗora Bisimilla da addu'ar neman lafiya a saman shafin.

Mai karatu zai ce me ya hana ni magana. A garinmu yaro ba ya ce wa babba a'a, iyakarsa ya ce “to, za a duba”. Ni ko za a duba ɗin ban ce ba, to kawai nake cewa. Kuma abin a fuskar kwamfuta ya yi kyau ƙwarai, duk wanda ya leƙo sai ya ce ma sha Allah. Alhaji ya hana a buga sai kwamitin ƙungiya ya sa albarka, kwamiti kuwa bai samu zama ba sai bayan sallar asuba ta ranar da likitocin za su zo.

Da hantsi na buɗe shago, kakata na biye da ni riƙe da gefen rigata. Ta sha sabon zane da turare, ta ce ba za ta zauna gida in manta da ita ba. Na zaunar da ita a benci, na zuba takardu, na danna.

Firinta ta yi shiru, 'yar fitilarta tana ƙiftawa. Ta daɗe a haka, sannan ta yi wani dogon nishi ta turo takarda. Bisimilla ta fito, sunayen iyayen ƙungiya sun fito, daga nan har ƙasa fari fat. Na sake dannawa. Wannan karon ƙofar ta fito, amma baƙa ƙirin, ta haɗiye rabin rubutun. A karo na uku sai ta buga layi ɗaya na wasu alamomi da ban taɓa gani ba, ta ja wata takardar ta yi haka, ta ja wata, ta ƙi tsayawa, sai da na zare wayar wuta.

Kakata ta karkata kunne ta ce, “Maigida, abin ga naka nishi takai ko waƙa?”

Na ce, “Gyaran murya take, Iya.”

“To ta yi ta gyara. Ni dai idona na kawo.”

Na yi duk abin da mai firinta ke yi in ta rikice. Na ciro tawada na girgiza, na canza waya, na kashe na kunna, na hure ƙurar da babu ita. Da abin ya ƙi, sai na ɗauko wata takardar neman aiki da na buga wa wani jiya na tura mata. Kafin in ɗago kai ta fito tsaf, ko ɗigo babu. Nan na gane firinta lafiyarta ƙalau, fom ɗinmu ne ba ta so.

Na zuba shi a filashi, ɗan abin ɗaukar aiki daga kwamfuta, na ruga shagon wani abokin sana'ata a tsallaken titi. Kwamfutarsa ba ta da irin salon rubutun da na yi amfani da su, saboda haka tana buɗewa komai ya watse. Akwatunan sakatare suka hau kan juna, fom mai shafi ɗaya ya zama tuli, laƙabin Alhaji ya koma shafi guda shi kaɗai. Muka dubi juna muka fashe da dariya, ni ina yi gumi yana bin bayana. Ya ce ko da na samu guda mai kyau kada in yi tunanin fotokwafi, hoton zai ƙara baƙi ne kawai. Na dawo na gwada da wadda ke hannuna, haka kuwa aka yi.

Ina cikin tattara ɓatattun takardun zan zuba a kwandon shara, sai ga Malam liman, kwamiti ya aiko shi ya karɓi fom. Ya yi sallama, muka gaisa, idonsa ya sauka kan hannuna.

“Tsaya, ina za ka kai su?”

“Sun ɓaci ne, Allah gafarta Malam.”

“Sun ɓaci, amma mi ke rubuce bisa kansu?”

Sai a sannan na lura. Duk takardar da ta lalace daga ƙasa take lalacewa, saman kuwa yana fita daram. Kusan kowace ɗaya tana ɗauke da sunan Allah, ba ta shiga shara, ba a taka ta, ba a barin ta a ƙasa. Malam ya naɗe hannun riga ya shiga tsince su ɗaya bayan ɗaya, har waɗanda iska ta tura ƙarƙashin benci. Daga nan ya tsaya a bakin firintar. Ina dannawa, tana ɓatawa, yana cafewa yana jerawa a ƙirjinsa. Wata mata da ta zo yin fotokwafin katin asibiti ta ga liman rungume da takardu yana tare bakin na'ura, ta juya a hankali ta tafi abinta.

Can Malam ya yi tsai ya ce, “Wai ni, waɗanda za su hita da kyau hwa, in likita ya gama da su ina za su?”

Kakata ta ce, “Wurin mai ƙosai mana, ina takarda ke zuwa a garin ga?”

Malam ya yi salati a hankali. Ya ce, “Cire, yaro. Ni na sa, ni na janye. Addu'ar na yi ta da baki, ta ma hi saurin isa.”

Na cire Larabcin na sake turawa. Ba ta fita duka ba, amma rubutun ya sauko ƙasa fiye da da. Wannan ɗan ci gaban ne ya buɗe mini kai. Irin wannan firinta tana da 'yar ƙwaƙwalwa a cikinta, sai ta haɗa shafin gaba ɗaya a can kafin ta zuba shi a takarda. In kayan ya fi ƙarfinta, sai ta zubo abin da ta iya ta tsaya, ko ta rikice ta yi ta shirme. Maganin shi ne a riƙa sauke mata kaya ɗaya-ɗaya ana gwadawa har a gano wanda ya danne ta. A ko'ina wannan ƙaramin aiki ne. A wurinmu kowane kaya da mai shi, kuma kowane mai shi ya haife ni.

Waya ta yi ƙara, nas ce. Ta ce, “Ƙanena, ina takardu? Tsofaffi sun cika makaranta, likita har ya gaji da shan shayi. Ka san ba za su wuce azahar ba.” Na ce gani nan tafe. Na dubi kakata tana murza bakin mayafinta. Tsoro ya kama ni sosai. In motar nan ta tashi, ban san shekarar da wata za ta sake zuwa ba.

Na kira sakatare. Ni ina tsaye ƙafa ɗaya na bin ɗaya, shi kuwa ya fara daga tushe: ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya jikin tsohuwa, ya kasuwa, ya muka ji da zafi. Sai da muka gama tsaf na shigar da buƙatata. Ya yi gyaran murya ya ce fom ba wasa ba ne. Muka shiga ciniki akwati-akwati kamar masu cinikin shanu a kara. Ya sallama gunduma, ya riƙe mai unguwa. Ya sallama ɗan rakiya, ya ce akwatunan haruffa kuwa sai dai bayan ransa. Malam ya karɓi wayar ya ce, “Malam sakatare, ni da na sa sunan Allah na janye, kai akwati ne ba ka iya bari?” Sai sakatare ya ce a cire duka, amma don girman Allah a bar masa “Don amfanin ofis kawai”.

Na share akwatunan, na mayar da rubutun salo ɗaya. Yanzu shafin yana kaiwa ƙarshe, amma sai firinta ta yi dogon tunani kafin ta saki guda, kuma ƙofar tana nan ta yi duhu a bayan layukan, ko an rubuta da biro ba mai iya karantawa. Na rage girman hoton a ɓoye, na dusashe shi, duk da haka toka-toka yake fita. Saura kaya ɗaya, kuma kowa a shagon ya san na wane ne. Na miƙa wa Malam waya. Malam ya duƙufa yana daidaita gefen takardunsa kamar bai gan ni ba.

Muna haka mota ta tsaya a ƙofar shago, Alhaji ya fito da kansa, fuska ba walwala. Yana ganin kakata ya rage tsawo ya gaishe ta, domin ƙawar mahaifiyarsa ce tun suna 'yan mata. Suka gaisa har da tambayar jikoki. Sannan ya juyo gare ni ya ce, “Yaro, ka bar ni da baƙi ina ta ba su labarin farashin gero. Mi ya hwaru?”

Na buɗe baki na ce firinta ce, wato ba firinta ba ce, wato hoton yana da kyau ƙwarai, kowa ya yaba. Na rasa inda zan dire maganar.

Kakata ta ce, “Alhaji, matso in gaya maka, tunda mijina ya zama kurma. Ƙohwar ga da ka sa a takarda, ita ta tare hanya. Ni da ita mun daɗe ba mu ga juna ba. Ka bari a gyara mani ido in tahi in gan ta da kaina, ba sai an buga mani ita ba.”

Alhaji ya dubi baƙar takardar da ke hannuna, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya ce, “Wai wannan ita ce ƙohwar tawa?” Sai ya fashe da dariya har hularsa ta goce. Ya ce, “Cire ta. Cire sunayen ma. A'a, tsaya, bar nawa, amma ka ƙanƙanta shi.”

Na goge hoton na danna. Ko nishi ba ta yi ba. Takarda ta fito fara sol, layuka a miƙe, ta biyu na bin ta. Ban san lokacin da na yi tsalle na buga kai da allon shago ba. Kakata ta miƙo hannu ta ce ta farko tata ce, ta karɓe ta da ɗuminta ta soke a mayafi. Alhaji ya tattare babbar riga ya tsaya kan injin fotokwafi yana zuba takarda, yana tambayata wane maɓalli ake dannawa. Malam ya kasa taimaka mana, don hannuwansa biyu a cike suke, sai dai yana ta hamdala da ƙarfi. Masu shagunan kusa suka taru a ƙofa suna tambaya ko haihuwa aka yi.

Muka cusa kanmu a motar Alhaji muka nufi makarantar firamaren da aka sauki likitocin. Tsofaffi sun cika inuwar bishiyoyi, wasu har sun fara ɗaure kayansu. Muka rarraba fom, ni da sakatare da duk mai biro muka durƙusa muna cikewa. Layi ya fara tafiya da sauri, don tambayoyin ba su da yawa. Na so in shigar da kakata gaba, nas ma ta yarda, amma tsohuwa ta ƙi. Ta ce ba ta tsallake wanda ya riga ta zuwa, bare waɗanda jikanta ya shanya a rana. Haka ta zauna a ƙarshen layi, ni ina duban rana ina duban ƙofar ajin.

Ladan ya kira azahar saura ita da wani tsoho. Direban likitocin ya tayar da mota, an fara fitar da akwatunan kayan aiki. Nas ta tsaya a bakin ƙofa ta ce babu abin da zai ƙara fita sai an ga waɗannan biyun. Likita ya haska idon kakata, ya karanta 'yan layukan da ke kan fom ɗinta, ya ce tana cikin waɗanda za a yi wa aiki. Da ya nemi wurin rubutu, sai ya zuba bayaninsa a cikin “Don amfanin ofis kawai”. Sakatare yana tsaye ya gani da idonsa. Har ya bar duniya bai daina tuna mana ba.

Bayan an yi aikin, ina gefen gadonta a asibiti ranar da aka cire mata bandeji. Na shirya tsaf don in sha tsiya, na san ba za ta rasa abin cewa game da hancina ba. Ta ƙifta ido, ta dubi silin, ta dubi tafin hannunta, sannan ta juyo gare ni. Ta daɗe tana kallona. Mahaifina ya rasu tun ina rarrafe, ni ban san fuskarsa ba sai a wani ɗan hoto da ya dushe. Ta ɗora hannu a gemun da na tara a shekarun da ba ta gani, ta kira ni da sunansa. Ta ce, “Ashe kullum kana gabana.” Ta yi kuka, ni ma na yi, nas ta ce mu bari kada mu ɓata wa likita aiki.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, duk abin da aka yi don mutane da buƙatarsu ake auna shi, ba da son ran masu yin sa ba. Kuma girmama babba ba shi ne ka ce to ga duk abin da ya faɗa ba. Manyanmu uku, babu wanda ya ƙi janye nasa da aka gaya masa gaskiya, jiran mai faɗa kawai suke. Tun daga lokacin, duk wanda ya kawo mini aiki, kome girman rawaninsa, sai na fara tambayarsa cikin ladabi wa zai riƙe takardar, me kuma zai yi da ita. Don saura ƙiris mu ƙawata takarda mu bar tsohuwa a cikin duhu.